Shafi Shida daga Kampala

Cikin shekarun da na yi ina aiki a ɗakin karatu na wata makarantar koyon aikin likita a Arewa, babu littafin da ya gajiyar da idona kamar kundin ambato. Manyan mujalladai ne, kowanne sai da hannu biyu ake ɗaga shi, takardarsa shara-shara kamar ɓawon albasa, rubutun kuma ƙanana ƙwarai, har muna ajiye gilashin ƙara girman rubutu a aljihun tebur saboda shi. A bangonsa an rubuta Science Citation Index. Babu labari a ciki, babu sharhi. Sunaye ne kawai a jere: wane ya wallafa maƙala a shekara kaza, ga waɗanda suka ambace ta a bana. Ranar da na fara gane yadda ake karanta shi, mahaifina ne ya faɗo mini a rai. Malamin zaure ne, Allah Ya jiƙansa, kuma in ka kawo masa maganar ilimi, kafin ya ce ta yi ko ba ta yi ba, sai ya tambaye ka: “Daga bakin wa ka ji? Shi kuma daga wa?” Sai na ga ashe wannan littafi isnadi ne da aka juya. Malamanmu suna bin magana da baya-baya har su kai ga wanda ya fara faɗinta. Shi kuwa kundin, a kan mai maganar yake tsayawa, ya nuna maka waɗanda suka ɗauka daga gare shi suka yi gaba.

Wanda ya ƙirƙiro shi Ba'amurke ne mai suna Eugene Garfield, haifaffen birnin New York a 1925. A wurin lauyoyi ya aro dabarar. Tun 1873 lauyoyin Amurka suna da littafin da ake kira Shepard's Citations, wanda ke nuna wa mutum ko hukuncin da zai kafa hujja da shi yana nan daram, ko wata kotu ta rushe shi daga baya. A 1955 Garfield ya rubuta a mujallar Science cewa masu binciken kimiyya ma suna bukatar irinsa, don kada mutum ya ɗora gininsa a kan sakamakon da tuni aka gano kuskure ne. Ya kafa kamfaninsa a Filadelfiya, kuma daga 1964 kundin ya shiga fitowa a kai a kai. Don neman hanya aka yi shi. Sai dai duk abin da aka jera a layi, wata rana sai an ƙirga shi. A 1975 aka fara fitar da jadawalin da ke auna mujallu da yawan ambaton da maƙalunsu suke samu. A 2004 Google Scholar da Scopus suka bayyana, shekara guda bayan haka wani masanin fiziya, Jorge Hirsch, ya kawo ma'aunin da ke dunƙule aikin mutum na tsawon rayuwa cikin lamba ɗaya. Mu namu mujalladan sun daina zuwa tun bayan da naira ta karye a 1986. Kafin in yi ritaya kuwa, matasan likitoci masu neman ƙarin girma da waya suke shigo mini, su miƙo ta su ce, “Baba, duba mini, na kai nawa?”

A fagen binciken ciwon daji wannan ƙirga ta fi ko'ina zafi. Maƙalar da Douglas Hanahan da Robert Weinberg suka fitar a mujallar Cell a 2000, inda suka tattara halayen da kowace irin sankara take da su, an ambace ta sau dubun dubata. Akwai wata mujallar ƙungiyar yaƙi da sankara ta Amurka da ma'auninta ya haura 500 a lissafin 2020, saboda ita ke buga alƙaluman da kusan duk mai rubutu a kan cutar yake buɗe maƙalarsa da su. Ba na raina wannan. Na ga amfaninsa da idona: ɗalibi ya zo da maƙala ɗaya tsohuwa, mu bi sawun waɗanda suka ambace ta, kafin la'asar ya fita da aikin shekara ashirin a hannunsa. Amma akwai maƙala guda da nake ɗauko wa duk wanda ya zo yana ƙuncin rai saboda lambarsa ba ta motsa ba. Shafi shida ce, tana cikin mujalladi na 46 na British Journal of Surgery, shekarar 1958, daga shafi na 218 zuwa na 223. Daga Kampala aka aiko ta.

Marubucinta Denis Burkitt, likitan fiɗa ne, an haife shi a 1911 a garin Enniskillen da ke arewacin tsibirin Ailan. Yana ɗan shekara 11 dutse ya same shi a wata hatsaniyar yara, ya rasa idon dama. Da ido ɗaya ya yi karatu a Dublin, da shi ya yi aikin fiɗa duk rayuwarsa. Mahaifinsa injiniyan gunduma ne mai son tsuntsaye, yana sa musu zobe a ƙafa, yana zana taswirar inda iyakar kowane tsuntsu ta tsaya. Ina ganin a nan ɗan ya gaji abin da ya fi yi masa amfani. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1946, ya tafi Uganda aikin gwamnatin mulkin mallaka, aka fara kai shi Lira a arewacin ƙasar, daga baya aka dawo da shi asibitin Mulago a Kampala. Ba shi da ɗakin gwaje-gwaje. Yana da kyamara, yana da ɗabi'ar rubuta abin da ya gani.

A 1957 abokin aikinsa Hugh Trowell ya kira shi ya duba wani yaro ɗan shekara biyar. Muƙamuƙin yaron ya kumbura sama da ƙasa, hagu da dama, haƙora sun yi lako-lako. Ba abin da wuƙar fiɗa za ta iya. Ya ɗauki hoto, ya rubuta, ya ɗauka abu ne da ba zai sake gani ba. Bayan 'yan makonni yana zagaye a asibitin Jinja, ya hango wani yaron da irin wannan fuskar sak. Da ya duba shi sai ya taɓa ƙulli a cikinsa ma. Daga nan ya koma kan tsofaffin fayilolin asibiti, yana zaro duk yaron da aka rubuta masa kumburin muƙamuƙi. Abin da ya gano shi ne, likitoci sun daɗe suna ganin cutar, amma suna rarraba ta: in ta fito a ƙoda a kira ta sankarar ƙoda, in a ido a ba ta sunan ido, in a mahaifar ƙwai ta yarinya a ba ta wani sunan. Shi ya ce abu ɗaya ne yake ɓullowa a wurare da yawa. Ya haɗa bayanan yara 38, ya rubuta shafi shidan nan.

Aka buga, shiru kake ji. Dalilan ba su da wuyar ganewa ga wanda ya san yadda mujallu suke yawo. Likitocin fiɗa na Ingila ne masu karanta mujallar, kuma ba wanda a cikinsu yake sa ran ganin irin wannan yaro a ɗakin dubansa. Masu binciken sankara kuwa ba nan suke leƙawa ba. Ga shi ma sunan da ya ba cutar bai dace ba, don ya sa ta a dangin sankarar tsoka da ƙashi. Sai da masu duba tsoka a madubi na kwalejin Makerere da ke Kampala, Gregory O'Conor da Jack Davies, suka tabbatar cewa limfoma ce, wato sankarar ƙwayoyin da ke cikin kaluluwa, masu kare jiki. A 1961 Burkitt da O'Conor suka sake rubutawa a mujallar Cancer ta Amurka, a nan ne kunnuwa suka fara tashi. Da a ce a 1960 wani kwamitin ƙarin girma ya auna mutumin nan da ma'aunin yau, da takardarsa ba ta wuce teburin farko ba.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne, bai zauna jiran masu karatu ba, shi ya bi su. Da tallafin da bai wuce fam 25 ba ya buga 'yan takardu kimanin dubu, ɗauke da hotunan yaran da tambaya guda: kun taɓa ganin irin wannan a wurinku? Ya aika ta gidan waya zuwa asibitocin gwamnati da na mishan a faɗin Afirka. Amsoshi suka riƙa dawowa, ɗaruruwa, daga likitocin ƙauye da nas-nas waɗanda ba wanda ya san sunansu a yau. Duk amsar da ta zo sai ya soka allura mai launi a taswirar da ya kafa a bangon ofishinsa. Sannu a hankali allurai suka ja ɗamara a tsakiyar nahiyar, daga yamma zuwa gabas, kusa da layin ikwaita, da wani jela da ya gangara ta gaɓar gabas zuwa Mozambik. Sankara mai iyaka kamar gona. Ba a saba jin haka ba.

Don ya ga inda iyakar ta tsaya, a watan Oktoba na 1961 ya kama hanya da abokai biyu, dukansu likitoci: Ted Williams na asibitin mishan na Kuluva a arewa maso yammacin Uganda, wanda ya iya gyaran mota, da Cliff Nelson, ɗan Kanada. Tsohuwar Ford ce ƙirar 1954. Mako goma suka yi, mil 10,000, asibitoci sama da 50, har Afirka ta Kudu suka dawo. Duk inda suka sauka, kundin hotuna yake buɗewa a gaban ma'aikata, ya tambaya, sannan ya nemi a ɗauko masa littafin rajista. Gani ya kori ji. A hanya suka lura cewa tsayin ƙasa ne yake yanke cutar. Kusa da ikwaita ba a ganinta a saman ƙafa 5,000. Da aka gangara kudu iyakar ta sauko zuwa ƙafa 3,000, can ƙasa kuma zuwa 1,000. Wato sanyi ne yake korar ta: inda zafin gari yake faɗuwa ƙasa da digiri 15, ba ta zama.

Daga baya ya leƙo Afirka ta Yamma, a nan labarin ya taɓo ƙofar gidanmu. A kudancin Najeriya ya tarar da cutar birjik. Da ya hauro Kano, duk da ɗimbin jama'ar da ke kewaye da birnin, sai ya ga ba kasafai ake samunta ba. A nan ba tsauni, ba sanyin da zai kai wancan. Ruwan sama ne ya bambanta: inda bai kai inci 20 a shekara ba, cutar tana ja baya. Zafi da laima, su ne gidan sauro. Alexander Haddow na cibiyar binciken bairos da ke Entebbe ya nuna cewa taswirar ta yi kama da ta cututtukan da ƙwari suke yaɗawa.

Ba kasafai ba, in ji taswira. Amma “ba kasafai ba” ba ta nufin babu, kuma likitocin yara na Zariya da Kano sun wallafa rahotanni daga baya da suka nuna wannan limfoma tana sahun gaba cikin sankarar yaran da ake kawo musu. Ni ma na ganta a tsakar gidana. Duk ma'aikacin da ke zaune kusa da babban asibiti ya san gidansa masauki ne. Wata damina 'yar ƙanwata ta zo daga ƙauye da ɗanta, yaro ɗan shekara bakwai, ta naɗe masa fuska da ɗankwali. Da farko sun ce hangum ne, aka shafa abin da ake shafawa. Da haƙori ya fara girgiɗi suka ce ciwon haƙori ne, aka cire. Da kumburin ya tura idon hagu waje, sai maganar sammu ta shigo. Mako shida kacal duk wannan ya faru, don tana cikin cututtukan daji mafi saurin girma da aka sani a jikin ɗan Adam, ƙwayoyinta suna ninkuwa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Da na warware ɗankwalin, na ga fuskar da na sani a shafi shidan nan. Uwar ta ce, “Kawu, daji ne ko?” Na ce mu je likita ya gani.

Aka sa masa ruwan magani. Wallahi kafin mako ya zagayo kumburin ya saɓe kamar an huda salka, yaron ya nemi tuwo, ya ci da kansa. Likitan ya ja mu gefe ya ce kada sauƙin nan ya ruɗe mu, sai an kammala zagayen allurai duka. Bayan zagaye na biyu uwar ta ce za ta je ta ga gona da sauran yara ta dawo, kuɗin da suka sayar da akuya biyu ma ya ƙare. Na ce zan ɗauki abin da zan iya. Ta ce, “Kawu, ai ka yi.” Ba su dawo ba sai bayan kaka, lokacin cutar ta koma ciki. Allah Ya jiƙansa. Sunansa yana cikin wani littafin rajista na ɗakin yara, in gara ba ta ci ba.

Na ambaci gara don na san abin da take yi wa ilimi. A asibitin Mengo na Kampala, likitan mishan Albert Cook ya rubuta bayanin yara masu irin wannan kumburi, har da zane, tun farkon ƙarni na 20, kusan shekara hamsin kafin Burkitt. Bayanin yana nan cikin littattafan asibitin. Amma littafin rajista ba mujalla ba ne, ba mai ambatonsa, kundin Garfield bai san da shi ba. Nawa ne irinsa a ɗakunan ajiyar asibitocinmu, ɗaure da igiya, ruwan rufi yana ɗiga a kai?

Mu koma baya kaɗan, zuwa ranar 22 ga Maris 1961. Burkitt yana hutu a Ingila, aka ba shi dama ya yi wa ɗalibai da ma'aikata lacca a asibitin Middlesex na Landan. Cikin waɗanda suka ga sanarwar a allo akwai Anthony Epstein, mai bincike a kan bairos da ke haddasa sankara a jikin kaji. Bai san Burkitt ba, bai karanta maƙalar 1958 ba. Sha'awa ce kawai ta kai shi. Da ya ji ana maganar sankarar da zafi da ruwan sama suke yi wa iyaka, sai zuciyarsa ta ba shi cewa akwai bairos a ciki. A lokacin ba a taɓa kama bairos da laifin haddasa sankara a jikin mutum ba. Suka yi magana bayan laccar, aka shirya a riƙa aiko masa da yankin tsokar ƙullin daga Kampala ta jirgin sama.

Shekara kusan uku yana nema bai samu komai ba. A watan Disamba na 1963 hazo ya rufe Landan, aka karkatar da jirgin zuwa Manchesta, saƙon ya iso a makare. Ruwan da tsokar take ciki ya yi gurɓi-gurɓi, alamar ta lalace. Maimakon ya zubar, ya ɗiga a gilashi ya duba. Ashe ba ruɓewa ba ce: girgizar doguwar tafiya ce ta kakkaɓe ƙwayoyin sankarar, suna yawo a ruwan da ransu. Shi da ɗalibarsa Yvonne Barr suka rene su haka nan a cikin ruwa, suka yi ta hayayyafa. A watan Fabrairu na 1964 aka sa su a ƙarƙashin madubin ilektiron, tare da Bert Achong, ɗan ƙasar Tirinidad, sai ga bairos ɗin. Ranar 28 ga Maris 1964 mujallar The Lancet ta buga rahotonsu, gajere ƙwarai, da sunaye uku. Bairos ɗin ya ɗauki sunaye biyu, Epstein da Barr. Na Achong ya tsaya a kan takarda.

Shekarar nan ta 1964 ita ce kuma shekarar da kundin ambato ya fara fitowa a kai a kai. In ka buɗe shi za ka ga sarƙar ta fara ƙulluwa, wannan ya ambaci wancan. Abin da ba za ka gani ba shi ne sanarwar da aka liƙa a allo, da hazon Landan, da tsohuwar Ford, da hannayen da suka cike takardun tambaya a asibitocin daji suka mayar Kampala. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a kundin, hannun da ya riƙe alƙalami kaɗai ake gani.

Sauran bayanin ya zo a hankali. Werner Henle da matarsa Gertrude, a Filadelfiya, suka gano cewa bairos ɗin yana jikin mafi yawan mutanen duniya, har da inda ba a san wannan sankara ba. To me ya sa yaran wurare masu zafi da laima? A nan zazzaɓin cizon sauro ya shigo: yaron da yake kamuwa da shi a kai a kai tun yana goye, ƙwayoyin garkuwar jikinsa suna cikin tashin hankali kullum, bairos ɗin kuma yana zuga su. Cikin wannan hayayyafa ne ake samun kuskure. A shekarun 1970 aka ga wani yanki na kuromosom na 8 yana musanya wuri da na 14, a 1982 kuma aka gano cewa ƙwayar gadon da ake kira MYC, mai ba da umarnin rarrabuwa, ita ce take faɗawa inda ba a kashe ta. Ilimin sankara na zamani ya sha ruwa sosai daga wannan rijiya.

Ɓangaren magani kuwa, shi ne inda nake so matasanmu su tsaya su duba. Burkitt ya roƙi magunguna kyauta daga kamfanoni da cibiyar Sloan-Kettering ta New York, ya gwada metotireksat da saikilofosfamaid, ya ga ƙulli yana narkewa, wasu yaran ma suka warke sarai da allura ɗaya ko biyu. A Nairobi Peter Clifford yana irin wannan aiki. A Ibadan kuwa, inda aka kafa rajistar masu sankara tun 1960, akwai Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru, likitan fiɗa a asibitin koyarwa na jami'ar, yana bai wa yaran Najeriya maganin, yana bin su, yana rubutawa. A lokacin da ake ganin sankara hukuncin kisa ce, daga Kampala da Nairobi da Ibadan aka samu ɗaya daga cikin hujjojin farko cewa magani kaɗai, ba wuƙa ba haske, yana iya warkar da ita. A 1972 da aka ba da lambar yabo ta Lasker ga waɗanda suka share fagen maganin sankara, Ngu yana cikinsu tare da Burkitt da Joseph Burchenal da John Ziegler. Daga baya ya shugabanci Jami'ar Yawunde, ya kuma riƙe ministan lafiya na Kamaru. Na sha tambayar ɗaliban likitanci ko sun san shi. Burkitt kowa ya sani, don sunansa yana kan cutar tun wani taro da aka yi a Faris a 1963. Ngu kuwa sai a yi ta kallon juna. Haka Charles Olweny, ɗan Uganda da ya riƙe cibiyar sankara ta Kampala a zamanin Idi Amin, bayan baƙin likitoci sun watse, ya ci gaba da bin yaran da aka yi wa magani har ƙauyukansu.

Akwai wani abu kuma da masanin zamantakewa Robert Merton ya lura da shi, Garfield ma ya sha nanatawa: idan bincike ya karɓu ƙwarai, sai a daina ambaton tushensa, ya zama abin da kowa ya sani. Dubban maƙalu suna rubuta “limfomar Burkitt” a kowace shekara ba tare da sun koma kan shafi shidan 1958 ba, kamar yadda mai cewa “in ji masu iya magana” ba ya neman wanda ya fara faɗa. Shi kansa Burkitt ya bar Uganda a 1966, ya juya ga wani batun daban, dangantakar abinci mai dusa da lafiyar hanji. Maƙalarsa ta 1971 a kan sankarar hanji ta samu ambato mai yawa nan da nan, don ta taɓa cutar da ke damun Turawa a gidajensu. Mutum ɗaya, ido ɗaya, irin tunani ɗaya, amma wadda ta shafi yaran Afirka ta yi shekaru tana jira, wadda ta shafi teburin cin abincin Landan ta tashi da gudu. Ya rasu a 1993.

Wannan shi ne abin da yake ci mini rai a tsarin ƙarin girma na jami'o'inmu. Likita ya yi shekara goma yana tattara bayanan yaran da aka kwantar a ɗakinsa, ya rubuta nawa suka zo a makare, nawa suka gudu kafin a gama magani, me ya kore su. Ya buga a mujallar gida, don likitocin gida ne masu bukatarsa. Sai a ce mujallar ba ta cikin manyan kundaye, makinta kaɗan ne. Wani kuma ya samu an saka sunansa na goma sha bakwai a maƙalar wata ƙungiya ta ƙasashen waje, lambarsa ta yi tsalle. Ban ce a daina ƙirga ba, kuma na san masana da kansu sun yi taro a San Faransisko a 2012 suka ja kunne a kan auna mutum da ma'aunin mujalla. Abin da nake roƙo shi ne ɗan kwamiti ya buɗe maƙalar ya karanta, ko da shafi shida ce. Mahaifina bai taɓa tambayar mutum nawa ne suka ruwaito magana ba sai bayan ya ji maganar kanta.

A asibitin Ibadan, a 1963, wani masanin cututtuka Bature, R. J. V. Pulvertaft, ya ɗauki ƙwayoyin sankara daga muƙamuƙin sama na hagu na wani yaro ɗan shekara 11, ya rene su a kwalba. Suka rayu. Su ne ƙwayoyin dangin jini na ɗan Adam na farko da aka samu suna hayayyafa a ɗakin gwaji ba yankewa, kuma ya ba da rahotonsu a The Lancet a 1964. Yau sun haura shekara 60 suna rarrabuwa. Ana daskarar da su, ana sayar da su, ana aika su Tokyo da Boston da Berlin, ana gwada sababbin magungunan limfoma a kansu, irin magungunan da 'yar ƙanwata ko ta sayar da garken ƙauyensu duka ba za ta iya saye ba. Mafi yawan masu amfani da su ba sa ambaton Pulvertaft ma, lambar kaya kawai suke rubutawa da sunan kamfanin da ya sayar musu. A takardar da ke rakiyar kwalbar an rubuta abin da aka ga ya isa a sani game da mai su: namiji, baƙar fata, shekara 11.